Ziyarar Sallah a Lokacin Annoba: Saɓanin Iyali a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, babu lokacin da wannan karin magana ke bayyana a aikace kamar ranakun Sallah. Da zarar an sauko daga idi, ƙarami kan nufi gidan babba, ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa, matan aure su yi shirin zuwa ganin gida, yara su bi gida-gida suna karɓar goron Sallah, kwanonin abinci kuwa su yi ta kai-kawo tsakanin maƙwabta da surukai. Wanda ya tafi cin rani Legas ko Ibadan ko Anaca yakan yi duk yadda zai yi ya iso gida kafin a ga wata.

A shekarar 2020 annobar korona ta zo ta tsayar da wannan ƙafa. Hukumomi suka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, suka kuma umurci wanda ya fito daga inda cutar ta yi ƙamari, ko ya cuɗanya da mai ɗauke da ita, ya killace kansa har kwana 14. Wannan ya haddasa saɓani a cikin gidaje, tsakanin uba da ɗa, da miji da mata, da wa da ƙane. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, jinkirta ziyara saboda tsoron kai wa tsoho cuta wani nau'i ne na zumunci, matuƙar dai an yi shi cikin ladabi, kuma an sauke sauran haƙƙoƙin da ziyarar ke ɗauke da su. Inda aka sami ɓacin rai, mafi yawa daga yadda aka isar da maganar ya taso.

2.0 Halin da Sallar 2020 ta Riski Jama'a

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Maris aka rufe makarantu, sannan daga ranar 30 ga watan aka sanya dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Cutar ta bayyana a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin ƙarshen watan aka same ta a Jihar Sakkwato. Daga farkon watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirgar fasinja tsakanin jihohi, ta sanya dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, ta kuma wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a.

A cikin wannan hali aka ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu. Ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yake shugabanta, ta ba da shawarar dakatar da taron tafsiri da na tarawihi a masallatai. Ƙaramar Sallah ta kama ranar Lahadi, 24 ga Mayu, alhali hanyoyi na rufe. Jihohin Arewa ba su zama baki ɗaya ba: Kano ta bari an fita idi, Kaduna kuwa ta hana. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi sallar idi a gida tare da iyalinsa, ya kuma dakatar da gaisuwar Sallah da aka saba kai masa. An ɗage dokar hana tafiya ranar 1 ga Yuli, saboda haka Babbar Sallah ta ranar 31 ga watan ta tarar da hanya a buɗe, amma cutar tana nan, kuma a wannan shekara babu maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya zuwa aikin Hajji.

Idan shugabanni da kansu sun bambanta a kan abin da ya dace, ba abin mamaki ba ne a ga 'yan gida ɗaya sun bambanta.

3.0 Fuskokin Saɓanin

Saɓanin ya fi fitowa ta fuskoki uku. Misalan da za a kawo siffanta irin abin da kan faru ne a gidaje, ba labarin wani gida takamaimai ba.

Fuska ta farko ita ce ta uba da ɗansa da ya dawo daga cin rani. A ɗauki matashin da ya kwashe watanni yana sayar da albasa a Kudu, ya ratso shingayen jami'an tsaro a bayan motar kaya, ya iso gida saura kwana biyu Sallah. Ƙanensa, wanda ɗalibi ne da rufe makarantu ya mayar gida, ya ce a ware masa ɗaki, kada ya shiga wurin tsohuwa sai bayan mako biyu. Mahaifin kuwa, cikin harshensa na Sakkwatanci, sai ya ce: "Yaushe ɗa ya zan baƙo gidan ubanai?" Ga tsohon, hana ɗa gaisar da mahaifiyarsa ranar Sallah abin kunya ne da maƙwabta za su daɗe suna zancensa.

Fuska ta biyu ita ce ta miji da mata. Bisa ga al'ada, matar da aka auro daga Gandi zuwa Achida, ko daga Goronyo zuwa Wurno, tana sa ran zuwa ganin gida a ranakun Sallah, ta kai wa iyayenta jikoki su gani. Ga macen da ke cikin kulle, wannan na daga cikin 'yan ranakun da take ɗokin zuwansu duk shekara. Da miji ya ce bana a haƙura, sai zargi ya shigo. Matar ta lura shi bai fasa zuwa kasuwa da majalisa ba. Surukai kuma suka ɗauka raini ne aka lulluɓe da sunan doka. Inda akwai kishiya wadda gidansu ke cikin gari, har ta sami leƙawa, to, wutar ta ƙara ruruwa.

Fuska ta uku ita ce ta ɗan'uwan da ke aiki a birnin Sakkwato, musamman ma'aikacin asibiti, wanda ya bugo waya ya ce ba zai zo Sallah ba don gudun ya kawo wa iyaye cuta. 'Yan'uwa na gida suka fassara wannan da girman kai irin na ɗan boko da ya fara ƙyamar ƙauye. Shi kuma ya ɗauke su jahilai marasa jin magana. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai kare iyaye, kuma kowanne yana zargin ɗayan da rashin ƙaunarsu.

4.0 Hujjojin Masu Cewa a Yi Ziyara

Adalci ya wajabta a saurari masu wannan ra'ayi, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Da farko, sada zumunci umurni ne na addini, kuma yanke shi babban laifi ne. Tsohon da ya ga Sallah saba'in bai da tabbacin ganin ta baɗi. Idan aka ce masa ya haƙura da ganin jikokinsa har wata shekara, an nemi ya ba da abin da ƙila ba zai sake samu ba.

Na biyu, dokar killace kai an tsara ta ne da tunanin gidan da kowa ke da ɗakinsa da makewayinsa. A gidan gandu kuwa, mutum ashirin ko fiye na shan ruwan randa ɗaya da moɗa ɗaya, samari na kwana a shago ɗaya, ana cin tuwo a akushi ɗaya. Faɗa wa mai irin wannan gida ya ware ɗaki na mako biyu, ba tare da nuna masa yadda zai yi ba, tamkar umurtar makaho ne ya yi karatun allo.

Na uku, dawowar ɗan cin rani ba ta Sallah kaɗai ba ce. Ranar 24 ga Mayu ta faɗo a bakin damina. Wanda ya dawo ya zo ne da kuɗin iri da taki, da kuma ƙarfin da za a yi sharar gona da shuka. A fadamun Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, da gonakin tudu na gero da dawa, rashin hannu ɗaya a farkon damina yana iya zama rashin abinci a ƙarshenta.

Na huɗu, jama'a sun ga abin da ya sa su shakka. Sunayen da suka fara ji na waɗanda cutar ta kama na manya ne, irin su Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 2020. Don haka aka yi mata laƙabi da cutar masu kuɗi. A gefe guda kuma, mutanen gabashin Sakkwato suna fama da mutuwar da suke gani da idonsu. Harin Tabanni na watan Yuli 2018 ya cika garin Gandi da 'yan gudun hijira, kuma kwana uku kacal bayan Ƙaramar Sallar 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. Wanda ke kwana da fargabar bindiga, da wuya a tsorata shi da ƙwayar cutar da ba ya gani.

5.0 Dalilin da Ya Sa Jinkirta Ziyara Ya Fi

Duk da nauyin waɗannan hujjoji, mai jinkirta ziyara ya fi kusa da daidai, saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne ɗabi'ar cutar kanta. Korona na yaɗuwa ta numfashi, musamman a ɗaki rufaffe da iska ba ta ratsa shi. Takan ɗauki kwana biyar ko shida kafin alamunta su bayyana, wani lokaci har kwana 14, kuma daga nan ne aka samo adadin kwanakin killace kai. Mutum na iya ɗauke da ita yana yaɗawa alhali yana jin kansa garau. Har wa yau, ta fi yin kisa a cikin tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Idan aka dubi gaisuwar Sallah da wannan ido, za a ga matashi mai ƙarfi, wanda ya kwana biyu a cikin cunkoson mota, shi ne zai shiga ƙuryar ɗakin kakarsa ya zauna kusa da ita ya daɗe. Wato al'adar tana haɗa wanda ya fi yiwuwar ɗauko cutar da wadda ta fi kowa rauni a gabanta. Abin da ya faru a Kano ya isa ishara. A watan Yuni 2020 Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi a kan mace-mace 979 da aka samu a birnin ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona, kuma akasarin mamatan tsofaffi ne.

Dalili na biyu na addini ne. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita don gudun ta. Tsakanin shekara ta 17 da ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kama hanyar Sham, sai labarin annoba ya tarye shi a wani wuri da ake kira Sarg. Ya shawarci Muhajirai suka rabu biyu, ya shawarci Ansaru su ma suka rabu, sannan dattawan Ƙuraishawa suka ba shi shawarar komawa. Abu Ubaida ya nuna masa rashin amincewa, yana ganin hakan gudun ƙaddara ne, Umar kuwa ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Daga bisani Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya tabbatar da matakin. Darussa biyu ke cikin wannan ƙissa: fasa tafiya saboda annoba bai saɓa wa tawakkali ba, kuma saɓani a kan irin wannan lamari ya faru tsakanin mafifitan mutane, suka warware shi da shawara ba tare da gaba ba. A Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a 1837, wannan ba baƙon tunani ba ne, domin Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a fannin magani.

Dalili na uku na tarihi da al'ada ne. Keɓe majiyyaci ba Bature ya kawo shi ba. Tun zamanin da agana ke ɓarna Hausawa sun san a nisanta mai ita daga jama'a, kuma har yau uwa ba ta kai jaririnta gidan da ake ƙyanda, babu kuma mai cewa ta yanke zumunci. Murar 1918, wadda Hausawa suka kira marisuwa, ta shigo ta Legas ta biyo hanyoyin jirgin ƙasa da na fatake zuwa Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya. Sanƙarau na 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Al'ummar da ta ga waɗannan ta san ma'anar rigakafi ya fi magani.

Akwai masu cewa ai ga shi an yi ziyarar a gidaje da yawa kuma ba abin da ya faru. Gaskiya ne adadin da aka tabbatar a Jihar Sakkwato bai kusanci na Legas ko Kano ba, kuma mace-macen da hukuma ta ƙidaya a duk ƙasar sun ɗan haura 3,000 ne. Sai dai ana auna hukunci da abin da aka sani a ranar da aka yanke shi. A watan Mayu 2020 babu allurar rigakafi, domin sai ranar 2 ga Maris, 2021 kashin farko ya iso Nijeriya. Wanda ya tsallake gulbi a cike ya tsira, tsirarsa ba ta mayar da gangancin hikima ba.

6.0 Inda Masu Gaskiya Suka Yi Kuskure

Samun gaskiya daban, iya faɗarta daban. Yawancin matasan da suka goyi bayan killace kai sun isar da saƙon da harshen sanarwar rediyo, suka manta da wanda suke magana da shi. Yaron da ya tsaya tsaye gaban mahaifinsa ya ce gwamnati ta hana, ya riga ya faɗi, domin ya sanya dokar hukuma a saman ikon uba a cikin gidansa. Da ya durƙusa ya ce: "Baba, ku gafarce ni. Tsorona Inna ce, ga hawan jininta. Ko za ku ba Yaya umurni ya zauna a shago 'yan kwanaki, ya riƙa gaishe ta daga tsakar gida?" da ya bar hukuncin a hannun mai shi, kuma da wuya uba ya ƙi abin da aka roƙe shi saboda lafiyar matarsa.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa fasa zuwa ya sauke komai. Ziyarar Sallah jaka ce mai ɗauke da abubuwa da yawa: gaisuwa, da neman gafara, da kayan Sallar iyaye, da goron yara, da kason nama ga surukai, da nuna wa duniya cewa tsoho yana da masu kula da shi. Ƙafa ɗaya ce kawai daga cikinsu. Ma'aikacin da bai zo ba, amma ya aiko da turmin atamfa da shadda tun kafin Sallah, ya bugo waya da sassafe ya gaisa da kowa bi da bi, ya kuma sanya ranar da zai zo idan hanya ta yi kyau, ba a cika jin an zarge shi ba. Wanda ya fake da doka ya yi shiru, shi ne ya ba masu zargi hujja.

Kuskure na uku shi ne rashin daidaito. Magidancin da ya hana matarsa ganin gida, shi kuwa yana cin kasuwa yana zaman majalisa har dare, ya ɗora nauyin dokar a kan wadda ba ta da bakin musu. Idan za a haƙura, to, a haƙura tare, kuma miji ya je da kansa ko ya aika babba ya yi wa surukai bayani, ya kuma yi alkawarin rana ya cika.

Hasali ma akwai tsaka-tsakin da aka yi sakaci da shi. Tun da cutar ta fi kama mutane a rufaffen ɗaki, gaisuwa a tsakar gida ko ƙarƙashin bedi, da 'yar tazara, ba tare da musabaha ba, ta rage haɗari ƙwarai. Al'adar Bahaushe ta durƙusawa daga nesa a gaida babba ta riga ta tanadi wannan tazara tun kafin likita ya ambace ta.

7.0 Matsayin Malami

Wannan batu ya shafi ɗalibin koyon aikin malanta kai tsaye. A ƙauyuka da yawa na Rabah da Wurno da Goronyo, malamin makaranta na cikin 'yan ƙalilan da ke karanta sanarwar hukuma da Ingilishi, kuma suke zama a tabarma ɗaya da liman da mai unguwa. Shi ne tafinta tsakanin ɓangarorin biyu. Malamin Hausa kuwa nauyinsa ya fi, domin sana'arsa ita ce sanin wace kalma ke buɗe zuciya, wace ce ke rufe ta. Kalmar "killacewa" tana kama da ɗauri a kunnen tsoho, alhali "a ba shi kwanaki ya huta gajiyar hanya" magana ce da kowace uwa za ta karɓa. Aikinsa ne ya sami liman da dattawa tun kafin rikici ya tashi, domin maganar da ta fito daga bakinsu ta fi shiga. Aikinsa ne kuma ya koya wa ɗalibansa cewa ilimin da suka samu a aji ba lasisin raina iyaye ba ne. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da aikin malanta ya fara kafin ya zama hakimin garin a 1934, kuma abin da ake tuna shi da shi har da iya haɗa ilimin zamani da mutunta al'adar mutanensa.

8.0 Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma annoba ba ta yi bankwana da ƙasar Hausa ba. Sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa suna zagayowa, kuma wata rana za a sake cewa a tsayar da ƙafa a lokacin da zuciya ke son tafiya. Abin da Sallar 2020 ta koyar shi ne, manufar zumunci ita ce alherin ɗan'uwa, ziyara kuwa hanya ce ta isar da shi. Idan hanyar ta zama mai kai cuta, sai a sake wata, a riƙe manufar. Wanda ya jinkirta zuwa don ya tarar da mahaifiyarsa da rai a Sallar baɗi bai yanke zumunci ba, muddin ya nemi izini cikin ladabi, ya aika da abin da ya saba kaiwa, ya kuma zo da zarar hali ya yi. Gidajen da har yanzu ake 'yar tsama saboda abin da ya faru a wancan lokaci, ya kamata ƙarami ya taka ya je ya ba babba haƙuri, ko da shi ne mai gaskiya, domin yanzu hanya a buɗe take.

Tambayoyi

1. Kawo fuskoki uku na saɓanin da aka bayyana a wannan muƙala, tare da bayanin abin da kowane ɓangare yake karewa.
2. Wace hujja ce ta fi ƙarfi daga cikin hujjojin masu cewa a yi ziyara? Kafa dalili.
3. Tsara gajeriyar tattaunawa tsakanin ɗa da mahaifinsa a kan jinkirta gaisuwar Sallah, tare da kiyaye kalmomin girmamawa.
4. Rubuta muƙalar ra'ayi mai shafi biyu da ke goyon baya ko sukar matsayin da aka ɗauka a nan.